Filin Tambaya da Amsa: Darasin Kwamfuta a Sakandare, Ina Aka Dosa?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon yawancin wasiƙun da suka shigo a kan abu ɗaya suke, wato koyar da kwamfuta a makarantun sakandare, malamai sun rubuto, iyaye sun rubuto, har da ɗalibai, shi ya sa na tattara su wuri guda. Kamar kullum na cire sunaye na bar gari kawai, wasu kuma na ɗan rage musu tsawo saboda fili.

TAMBAYA: Salam Malam, da fatan ana lafiya ya aiki ya iyali. Ni malamin lissafi ne a wata sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo, NCE gare ni. Farkon zangon nan shugaban makaranta ya kira ni ya ce tunda ba mu da malamin kwamfuta ni zan riƙe SS1 da SS2, wai ai lissafi da kwamfuta Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. To Malam makarantar nan babu kwamfuta ko ɗaya mai aiki, babu wuta, yara sun haura tamanin a aji, abin da na tarar ana yi shi ne a cika allo da not su kwafa su haddace. Ni wallahi raina bai kwanta da hakan ba. Me zan koya musu? Daga wani malami a Malumfashi.

AMSA: Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya saka da alheri da ka damu, domin da yawa in aka ba su irin wannan aikin tsohon not kawai za su karɓa su ci gaba daga inda aka tsaya. Shugabanku kuma yana da gaskiya ta wani ɓangaren, malamin lissafi ya fi kowa kusa da wannan fanni, saboda zuciyar ilimin kwamfuta ita ce iya tsara matakan warware matsala ɗaya bayan ɗaya ta yadda ko na'urar da ba ta da hankali za ta bi ta kai ga amsa, kuma wannan aikin kai kullum kana yin sa a allo ko ba ka kira shi da wannan sunan ba. Babban kaso na wannan ana iya koyar da shi da alli da takarda da yaran kansu. Bari in ba ka darussa da za ka iya farawa da su ranar Litinin.

Ka nemo kwali ko takarda guda biyar, ka ɗiga ɗigo ɗaya a ta farko, biyu a ta biyu, huɗu a ta uku, sai ka tsaya ka tambayi aji nawa za a sa a ta gaba, za su ce takwas da kansu, sannan sha shida. Ka fito da yara biyar gaban aji kowa ya riƙe ɗaya, mai 16 a hagu mai 1 a dama. Doka ɗaya ce, ko dai yaro ya nuna katinsa ko ya kifa shi, wanda ya nuna 1 ne wanda ya kifa 0 ne. Sai ka ce aji su haɗa maka 13. Za ka ji hayaniya, mai 16 ya kifa, mai 8 ya nuna, mai 4 ya nuna, mai 2 ya kifa, mai 1 ya nuna, ka rubuta 01101 a allo, shikenan sun juya lamba zuwa bainari, wato lissafin kwamfuta mai amfani da 0 da 1 kawai, ba tare da ka ba su wata dabarar haddacewa ba. Ka tambaye su babbar lambar da yara biyar za su iya nunawa, su gano 31, in an ƙara yaro na shida ta koma 63, in sun kai takwas 255, kuma waɗannan takwas ɗin su ne bayit ɗaya da ake ta rubuta musu a not ba su san mene ne ba. Daga nan ka shiga haruffa, ka gaya musu a cikin kwamfuta babban A lamba 65 ne, B 66, kowa ya rubuta sunansa da lambobi. Akwai abin da yake burge yaranmu sosai a nan, harafin ƙ lambarsa 409 ce, tsohon tsarin ASCII da aka yi a Amurka bai tanadar masa wuri ba sai da tsarin Unicode ya zo, kuma duk wayar da ba a sa mata siffar harafin ba sai ta nuna ɗan akwati a madadinsa, abin da kusan kowane yaro ya taɓa gani a saƙo.

Darasi na biyu shi na fi so. Ka ce wani yaro ya riƙe lamba a ransa tsakanin 1 da 100, ka yi alkawarin gano ta a tambaya bakwai ko ƙasa da haka, shi dai ya riƙa cewa ta fi ko ba ta kai ba. Ka fara da 50, sannan 25 ko 75, kullum kana raba abin da ya rage gida biyu. In ka yi sau biyu sau uku za su fara cewa Malam akwai wata dabara, kar ka faɗa musu, ka bar su su gano. Bayan sun gano sai ka tambaya to in tsakanin 1 da 1,000 ne fa, tambaya nawa? Yawanci za su ce 70, amsar kuwa 10 ce. Miliyan ɗaya tambaya 20. Ko mutum miliyan 100 aka jera da lambobinsu a tsare tambaya 27 ta isa a ciro mutum ɗaya, kuma irin wannan dabarar ce take sa in an buga lambar NIN ko BVN ta mutum bayanansa su fito nan take ba sai an bi sunaye ɗaya bayan ɗaya ba. Yaron da ya fahimci wannan ya san abin da ake nufi da algoridim, wato jerin matakan warware matsala, fiye da wanda ya haddace ma'anarta layi uku da Turanci.

Na uku, ka ba su aikin da suka sani, fitar da gired daga maki. A1 daga 75 zuwa sama, B2 daga 70, B3 daga 65, haka har F9 ƙasa da 40. Kowane rukuni ya rubuta matakan da za a bi, da Hausa ma in sun fi sakewa, in maki ya kai kaza a ba da kaza in bai kai ba a duba na gaba. Sai su yi musayar takarda, wani rukunin ya zama kwamfuta ya bi abin da aka rubuta sak, ba ragi ba ƙari ba kuma cewa ai na gane abin da yake nufi. Lallai za a samu waɗanda suka fara daga ƙasa suka ce in maki ya kai 40 a ba da E8, sai ga mai 92 ya tashi da E8 aji ya kaure da dariya, to a nan ne ake koyon cewa jerin umarni yana da muhimmanci, a nan ne kuma ake koyon neman kuskure da gyara shi, wanda shi ne rabin aikin duk mai rubuta manhaja a duniya.

Waɗannan ba ni na ƙirƙiro su duka ba, wasan katin nan yana cikin wani tsari da ake kira CS Unplugged wanda Tim Bell da abokan aikinsa suka fara, shi malami ne a Jami'ar Canterbury ta ƙasar New Zealand, kuma kyauta ne a intanet, ka nema da wayarka za ka samu darussa da yawa har da na jera lambobi da na gano kuskure a saƙo.

Amma Malam kar wannan ya sa a ce ai ga shi ana koyarwa ba na'ura, an huta. Dole yaro ya taɓa kwamfuta, ya rubuta umarni ta ƙi, ya gyara ta karɓa, koyon ɗinki ba ya kammala sai an hau keke. In wayarka Android ce ka sauke Pydroid 3, tana gudanar da Python, wani harshen rubuta wa kwamfuta umarni, a kan waya kuma in ka riga ka sauke ba ta buƙatar data don ƙananan ayyuka. Abin da rukuni ya rubuta a takarda su zo su buga a wayar su gani da idonsu, rukuni biyu ko uku a kowane darasi, kafin zango ya ƙare kowa ya taɓa. Sannan ka rubuta wa shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da ta tsofaffin ɗalibai takarda, kar ka nemi lab guda, ka nemi laftof biyu ko uku tukuna, ƙaramar buƙata ita ake saurin biya. Kai ma ka ware ɗan lokaci kullum kana koyon Python ɗin, da lissafin da kake da shi ba za ta ba ka wahala ba in sha Allahu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Yarona yana SS3, tun JSS1 ake cin kuɗin kwamfuta a hannuna duk zango kuma sakamakonsa kullum yana da kyau a darasin. Rannan na kai shi shagon wani ɗan'uwana na ce ya buga min wasiƙa, wallahi yaron nan ko riƙe maus bai iya ba. Ga JAMB ta matso kuma an ce da kwamfuta ake yi. Hankalina ya tashi. Daga wani uba a Gusau.

AMSA: Alhaji ka kwantar da hankalinka, wannan tana da magani kuma ba mai tsada ba ne. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci sai 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku. Ba a buƙatar iya buga rubutu da sauri, ko maus ɗin ma ba dole ba ne, an tsara ta yadda yaro zai danna A, B, C ko D ya zaɓi amsa, N ya je tambaya ta gaba, P ya koma baya, S in ya gama zai miƙa. Abin da yake kayar da yara shi ne firgici, yaro bai taɓa zama gaban allon kwamfuta ba ga agogo yana tafiya a gefe, sai hannu ya kama rawa ya ɓata minti ashirin kafin ya nutsu. Tunda Allah ya sa ɗan'uwanka yana da shago, ka roƙe shi yaron ya riƙa zuwa yana zama ko awa ɗaya ne bayan la'asar, a sa masa manhajar gwajin tsofaffin tambayoyi ya riƙa yi da lokaci, kuma in JAMB ta buɗe jarrabawar gwaji da take yi kafin ta gasken ka biya masa ya zauna. Ita ma WAEC ta fara gwada kwamfuta da masu zana jarrabawa daga waje a farkon 2024, ka ga ƙannensa ma hanyar da za su bi ke nan.

Batun kuɗin da kake biya kuwa, haƙƙinka ne ka tambaya. Ka je taron iyaye ka yi tambaya cikin mutunci, sau nawa yara suke shiga ɗakin kwamfuta a mako, kuma guda nawa ne suke aiki. Yaro zai iya cin 80 a jarrabawar da ake tambayarsa ya lissafo sassan kwamfuta biyar da zamunnanta biyar alhali bai taɓa kunna ta ba, laifin ba nasa ba ne don Allah kar ka yi masa faɗa, abin da aka ba shi ya haddace kuma ya mayar.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Malam. Ni ɗaliba ce a SS1 ajin kimiyya, ina son in karanta kimiyyar kwamfuta a jami'a amma yayana ya ce karatun maza ne in nemi nas ko malanta, kuma a aji in an shiga lab maza ne suke kame kujeru mu sai dai mu tsaya a baya muna kallo. Wane darasi zan riƙe, kuma da gaske ne ba na mata ba ne? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yata, Allah ya yi miki albarka. Nas da malanta ayyuka ne masu daraja, amma maganar cewa kwamfuta ta maza ce ba haka take ba ko a tarihi. Wadda ake yawan ambata a matsayin ta farko da ta wallafa jerin umarni don na'urar lissafi mace ce, Ada Lovelace ta Ingila, a 1843, lokacin na'urar ma tana kan takarda ba a ƙera ta ba. Babbar kwamfutar ENIAC da aka nuna wa duniya a Amurka a 1946 mata shida ne suka fara tsara mata aiki. Grace Hopper kuma tana cikin waɗanda suka share hanyar da ta sa yau ake rubuta wa kwamfuta umarni da kalmomi maimakon lambobi zalla. Ki gaya wa yayanki wannan cikin ladabi, ki ƙara masa da cewa aiki ne da mace za ta iya yi daga ɗakinta ko bayan aure, ina ganin zai sassauto.

Darussa kuwa, lissafi shi ne kan gaba, ki riƙe shi hannu bibbiyu, in makarantarku ana yin ƙarin lissafin nan na 'yan kimiyya ki shiga ko da ana cewa yana da wuya. Sai fizis da Turanci. Jami'o'i suna neman kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da lissafi da fizis, a JAMB ma Turanci da lissafi da fizis ne sai ɗaya, yawanci kemistiri, amma ki duba ƙa'idar jami'ar da kike so a littafin JAMB na shekarar domin sukan ɗan bambanta. ABU tana nan kusa da ke, BUK ma tana yi.

Maganar lab ita ta fi ɓata min rai a wasiƙarki. Ku haɗu ku uku ko huɗu ku samu malamin bayan darasi ku roƙe shi ya raba lokaci, ko layi ɗaya na mata ko a riƙa karɓa-karɓa. Malamai 'yan'uwana masu karanta wannan fili, don Allah ku lura da wannan, in ka buɗe ƙofa ka ce a shiga kawai to masu ƙarfi da masu kwamfuta a gida su ne za su zauna, wanda ya fi buƙata shi zai ƙare a tsaye. Ka rubuta sunaye ka raba kujeru tun kafin a shiga.

TAMBAYA: Malam ni ɗan bautar ƙasa ne, kimiyyar kwamfuta na karanta, an turo ni wata makaranta mai laftof goma sha biyu masu aiki alhamdulillah. Matsalata silabus ɗin, har yanzu tsohon harshen rubuta umarni na BASIC ake cewa a koyar, ga tarihin abakus da su fulofi da ba wanda ya taɓa gani. Ni ina so in watsar in koya musu Python da yadda ake gina shafin intanet. Ya ka gani? Daga wani kofa a Haɗeja.

AMSA: Ƙanena sannu da hidima, na gane zafin da kake ji amma kar ka watsar. Yaran nan jarrabawa za su zana kuma daga silabus za a tambaye su, kai shekara ɗaya za ka yi ka tafi su kuma sakamakon zai bi su har ƙarshen rayuwa. Ka fara tabbatar da wanne aka yi musu rajista, domin a tsarin babbar sakandare da aka sauya a 2011 an tanadi darasin nazarin kwamfuta da kuma na sarrafa bayanai a cikin darussan sana'a, kuma ba abu ɗaya suke tambaya ba, na biyun ya fi karkata ga su Excel da rumbun bayanai. Ka nemi silabus na bana daga ofishin jarrabawa na makarantar, kar ka dogara da tsohon littafin da ka tarar a durowa, ana yin gyare-gyare.

BASIC kuma tsohuwa ce gaskiya, tun 1964 aka yi ta a kwalejin Dartmouth ta Amurka, amma don koyar da 'yan farawa aka yi ta, kuma abubuwan da ke cikinta su ne dai a Python, wurin ajiye ƙima, sharaɗi, maimaitawa, karɓar bayani da fitar da shi. Abin da nake ba da shawara shi ne kowace matsala a warware ta sau uku, a zana taswirar matakai a allo, a rubuta da Python a laftof ta yi aiki su gani, sannan ka nuna musu ga yadda ake rubuta abu ɗaya da BASIC don jarrabawa. Yaron da ya ga FOR da NEXT, wato umarnin maimaitawa na BASIC, a gefe guda ya ga ta Python a ɗaya gefen shi ne zai gane cewa harshen ba shi ne ilimin ba, gobe in aka kawo masa wani sabo ba zai tsorata ba. Tarihin kwamfuta ka gama shi a darasi biyu ka ba su su karanta, ba ya buƙatar rabin zango. 'Yan JSS kuwa ka sa musu Scratch, wadda aka yi a jami'ar MIT ta Amurka aka fitar a 2007, ana jan tubala ne ana haɗawa ba buga rubutu ba, kuma akwai wadda ake saukewa ta yi aiki ba intanet.

Ba mu kaɗai ne muka sha wannan muhawarar ba. A Ingila sun daɗe suna koyar da yara buga takarda da shirya silaid da sunan darasin kwamfuta, har masana suka yi ta ƙorafi cewa ana yaye masu amfani da manhajar wasu kawai, a 2014 suka sauya tsarin suka sa algoridim da rubuta umarni tun daga 'yan shekara biyar. Su ma da suka sauya babbar matsalar da suka ci karo da ita ƙarancin malaman da suka san abin ne. Shi ya sa zan roƙe ka abu ɗaya, kafin ka gama bautar ƙasa ka jawo malami ɗaya na dindindin a makarantar, na lissafi ko na fizis, ya riƙa zama a ajinka, ka bar masa darussanka a rubuce da kuma a filashi. In ba haka ba ranar da ka tafi za a rufe laftof ɗin nan a kabad.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe ina da 'yar makaranta mai zaman kanta, mun ɗan tara kuɗi muna so mu buɗe ɗakin kwamfuta. Wani ya kawo min tsofaffin manyan kwamfutocin tebur guda ashirin da araha. In saya? Daga wani mai makaranta a Azare.

AMSA: Malam ka fara lissafin wuta kafin lissafin na'ura. Tsohuwar kwamfutar tebur da allonta za ta iya cin wat 150 ko fiye, laftof kuwa yawanci cajarta 45 zuwa 65 ce kuma tana da batir, in an ɗauke wuta tsakiyar darasi aikin yaro bai tafi ba. Guda ashirin na tebur sai babban janareto, kuma da tsadar mai a yanzu za ka wayi gari ana kunna su ranar da baƙi suka zo kawai. Ni da zan zaɓa, laftof goma na hannu masu lafiyayyen batir da ɗan sola da inbata sun fi, yara biyu a kan kowace, ɗaya yana bugawa ɗaya yana duba kuskure suna musanyawa, wannan zaman bibbiyu ma yana ƙara fahimta. Ka je da wanda ya sani ya gwada kowace kafin ka biya, ka tanadi abin rufe su saboda ƙurar hunturu, ka hana sa kowace filashi barkatai saboda bairos, kuma ka ware wani abu na gyara duk zango. Albashin malamin da ya iya shi ma ka sa shi cikin lissafin tun yanzu.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ɗana ɗan SS2 ya kamu da son kwamfuta, kullum yana kan wayar babansa wai kodin yake koya, wato rubuta manhaja. Ni tsoro nake ji kar ya zama ɗan yahu, ga shi kuma malaminsu ya ce yara yanzu ChatGPT ke yi musu aikin gida. In hana shi ne? Daga wata uwa a Sakkwato.

AMSA: Lafiya lau Hajiya, tsoronki na uwa ne kuma yana kan hanya, amma kar ki hana shi. Damfarar intanet yawancinta ƙarya ce da yaudara da son kuɗin banza, ba ta buƙatar wani ilimin rubuta manhaja, abin da yake kai yaro can abokai ne da ganin wani ya yi kuɗi dare ɗaya. Alamomin da za ki sa wa ido su ne kuɗi ko kaya masu tsada da ba ki san tushensu ba, layukan waya da yawa, ɓoye allo in kin shigo, da neman lambar asusun wasu a turo masa kuɗi. Ki sanar da shi ma cewa akwai dokar laifukan intanet tun 2015 kuma EFCC tana kama matasa a kanta ana ɗaure su, ya ji daga bakinki da na babansa. Mai koyon kodin na gaskiya kuwa yana ɗokin nuna abin da ya yi, ki ce ya zauna a tsakar gida ya nuna miki, ko ba ki gane rubutun ba za ki gane ko wasa ne ya haɗa ko lissafi.

Shi kuma ChatGPT tun ƙarshen 2022 da ya fito malamai a ko'ina suke fama da wannan, hana yara taɓa shi ba zai yiwu ba kuma yana da amfani in yaro ya maƙale yana neman a yi masa bayanin kuskure. Inda yake cutarwa shi ne a kwafo amsa a miƙa ba a gane ba, kuma yakan ba da amsar da ba daidai ba da cikakken ƙarfin gwiwa. Malamin zai iya gane wanda ya yi da kansa cikin minti biyu, ya kira yaro ya ce karanta min layi na huɗu ka faɗa min me yake yi, ko ya ce canza min shi ya riƙa ƙirga daga 50 maimakon 1. Ke ma Hajiya akwai gwajin da za ki yi masa a gida, in kina 'yar sana'a ko kuna adashi ki ba shi littafin ki ce ya haɗa miki abin da zai riƙa lissafa wa ya zuba wa bai zuba ba da ranar kwasar kowa, ki ba shi mako biyu, sannan ki sa ya gwada shi a gabanki da lissafin watan jiya wanda kin riga kin san amsarsa.